Tsakanin Reza da Leza: Martani Ga Masu Kukan Mutuwar Sassaƙa

Akwai wata gardama da ta daɗe tana ci tsakanin masu buga hotuna da allon katako a Turai da Amurka da Japan, kuma ƙurarta ta fara iso mu, tunda injinan da ake gardamar a kansu sun shigo garuruwanmu. Ga tambayar: idan mai zane ya zana hotonsa, ya miƙa wa injin leza ko injin sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta ya fafe masa allon, sannan ya shafa tawada ya buga a takarda, abin da ya fito fasaha ce ko ha'inci? Wasu sun yanke hukunci tun kafin su ga hoton. A wurinsu duk allon da wuƙa ba ta ci ba, duk aikin da bai bar wa mai shi kanta a tafin hannu ba, gawa ce kawai aka yi wa kwalliya. Ni na ce wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskure mai tsada, musamman gare mu da ba mu da kayan aikin da za mu riƙa zubarwa don a ce mun riƙe al'ada. Zan kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ga akasin haka fili a buɗe yake.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai, kada mu yi ta musun abin da ba mu taɓa gani ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai yin hatimi a bakin kotu ko gidan waya, yana riƙe da reza da guntun roba yana ƙwaƙule haruffa a juye, ya riga ya ga tushen sana'ar. Ana samun allo mai sumul, a zana hoto a kansa, a fafe duk inda ake so ya fito fari, a bar inda ake so ya ɗauki tawada a tudu. Sai a birgima rola mai tawada a kai, tudun ya ɗauka, kwarin ya tsira. A shimfiɗa takarda a danna, a ɗaga, hoto ya fito, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Allo ɗaya na iya haifar da hotuna ɗaruruwa. Idan kuwa hoton mai launuka ne, yawanci kowane launi da nasa allon, kuma dole su faɗa daidai kan juna, in ba haka ba ido ya koma kan kunci.

Matsala tana kunno kai ne idan allo ya girma. Sassaƙa abin da bai wuce tafin hannu ba aikin yini ne ko kwana biyu. Allo mai girman ƙyauren ɗaki kuwa makonni yake ci, wani lokaci watanni, kuma kaso mai yawa na wannan lokaci ba a kan kyawun layi yake tafiya ba. Yana tafiya ne wajen kwashe filayen da ba za su ɗauki tawada ba, sara bayan sara, har kafaɗa ta riƙe, wuyan hannu ya kumbura. Wuƙa ta zame sau ɗaya ta cinye hancin mutumin da ke cikin hoton, babu abin gogewa. Sai dai a huda wurin a cusa sabon guntun katako a sake. Wannan wahala ce injinan biyu suka zo ragewa.

Injin leza haske yake tarawa ta cikin gilashi har ya zama ɗigo kamar tsinin allura, zafinsa ya mai da katako hayaƙi a daidai inda ya sauka. Aikinsa iri biyu ne. Ko dai ya bi layi ya yanke katakon gaba ɗaya, ko kuma ya riƙa kai da komo layi-layi kamar ƙoshiyar masaƙi, yana ƙone duk inda ya kamata ya fito fari, zurfin milimita ɗaya ko biyu. Yana iya fitar da layin da ya fi ƙarfin wuƙa siranta. Amma teburin irin da aka fi sayarwa santimita 130 ne a tsawo, 90 a faɗi, don haka mai son babban hoto sai ya raba shi gida-gida, ya ƙone kowane yanki daban, ya jera su wajen bugawa. Kuma yana barin baƙin ƙuna da toka, waɗanda sai an goge su kafin tawada ta zauna.

Ɗaya injin, wanda masu sana'ar ke kira si-en-si, shi sassaƙa yake yi ta gaske. Yana da haƙorin ƙarfe mai juyawa sau dubbai a minti ɗaya, yana tafiya gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, bisa lissafin da kwamfuta ta ba shi. Manyan cikinsu na ɗaukar cikakken fallen katako mai santimita 122 da 244 a tashi ɗaya. Ana sa masa haƙori mai tsini kamar kan mashi don bin layuka: in ya nutsa layi ya yi faɗi, in ya taso ya sirance, kuma yana bar wa kowane layi gindi mai faɗi yadda ba zai karye ba idan an danna takarda. Sai a sauya masa haƙori mai shafaffen baki ya share filaye. Ba ma sabbin abubuwa ba ne kamar yadda ake zato. An nuna injin sassaƙa ƙarfe mai bin lissafi a jami'ar MIT ta Amurka tun 1952, an kunna leza ta farko a 1960, irin wadda ake ƙona katako da ita kuwa ta samu a 1964.

Yanzu mu zo kan babbar hujjar masu suka, cewa asalin sana'ar shi ne mai zane ya sassaƙa allonsa da hannunsa. Tarihi bai san wannan asali ba. Ɗauki Albrecht Dürer na Jamus, wanda duk mai koyon bugun allo ke durƙusa wa sunansa. Sarki Maximilian na Ɗaya ya sa shi da wasu masu zane su tsara masa hoton wata ƙofar nasara, mai ɗauke da shekarar 1515. Hoton ya haura mita uku da rabi a tsayi, faɗinsa kusan mita uku, an buga shi a kan manyan takardu 36 daga alluna fiye da 190. Dürer bai fafe su ba. Wani gwanin masassaƙi na birnin Nuremberg, Hieronymus Andreae, shi da yaran shagonsa suka yi kusan shekara biyu suna wannan aiki. Mutumin ya yi alfahari da sana'arsa har ya mai da sunanta laƙabinsa, kamar yadda mu ma muke cewa wane Maƙeri ko wane Majemi. Yau in ka tambayi mutum dubu wa ya yi hoton, Dürer za su ce.

Kafin wannan, a shekarar 1500, an buga taswirar birnin Benis na Italiya kamar yadda tsuntsu zai hango shi daga sama, faɗinta ya kusa mita uku, daga alluna shida waɗanda har yau suna ajiye a wani gidan tarihi na birnin. Sunan mai zanen, Jacopo de' Barbari, ya wanzu, haka sunan ɗan kasuwar da ya zuba kuɗin, Anton Kolb. Na waɗanda suka fafe kowace taga da kowane kwalekwale ya bi ruwa. Littafin ɗab'i mafi tsufa mai ɗauke da kwanan wata, wanda aka buga a ƙasar Sin a shekarar 868 kuma yake Landan a yanzu, sunan wanda ya sa aka buga shi ne a ƙarshensa. A Koriya, haikalin Haeinsa na riƙe da alluna 81,258 da aka sassaƙa a ƙarni na 13, aikin tarin ma'aikata ne ba na gwani ɗaya ba.

Japan ma, inda masu son aikin hannu suka fi kafa hujja, rabon aiki ne tsantsa. Ɗan kasuwa ya ba da kwangila, mai zane ya zana a siririyar takarda, masassaƙi ya kifa takardar a kan allo ya manne ta ya sassaƙa ta cikinta har zanen asali ya hallaka, mai bugawa ya shafa launi ya murza da faifan hannu. Mutum huɗu, sana'a huɗu. Hoton nan na babbar igiyar ruwan Kanagawa da duniya ta sani, wanda ya fito wajen 1831, sunan Hokusai ne a jikinsa, alhali bai taɓa allon da wuƙa ba. Har ma akwai wasiƙar da ya aika wa masu buga littattafansa a tsakiyar shekarun 1830, yana ƙorafin cewa masassaƙa na sauya masa idanu da hancin mutanen da ya zana, suna mai da su irin salon wasu masu zanen da ba ya so, yana roƙon a ba wani masassaƙi guda da ya yarda da shi aikin. Abin da dattijon ke nema shi ne a fitar masa da layinsa yadda ya ja shi, ba ragi ba ƙari. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da injin yake yi.

Ashe shekaru ɗaruruwa sana'ar nan tafiyar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi take yi. Wani ya yi kanta, wani ya yi suna, kuma ba a taɓa cewa hotunan ba su da rai ba. To daga ina aƙidar "sai da hannunka" ta fito? Jiya-jiya aka haife ta. A 1904 wani matashi ɗan Japan, Yamamoto Kanae, ya fitar da hoton wani masunci da ya zana ya kuma sassaƙa da kansa, daga nan wata ƙungiya ta taso mai ra'ayin mutum ya zana, ya sassaƙa, ya buga shi kaɗai. A 1905 wasu samari a birnin Dresden na Jamus suka kafa tasu ƙungiyar, suna sarar katako da gangan a gaggauce don a ga sawun wuƙa. Sun yi abin kirki, sun buɗe sabuwar hanya. Amma bijirewa al'ada suka yi, a zamaninsu su ne ƴan bidi'ar sana'ar. Abin dariya ne a ɗauki tawayen da aka fara a 1904 a naɗa masa rawanin gargajiya, a kuma kore duk wanda ya bi hanyar da ta girme shi da ƙarnuka.

Hujja ta biyu ita ce wai abin ya yi sauƙi, kowa ma zai iya, danna maɓalli ne kawai. Mai faɗin haka bai taɓa tsayawa kusa da injin ba. Kafin a danna maɓallin sai an mai da zane baƙi da fari zalla, domin allo bai san toka-toka ba. Duk inuwa sai an fassara ta zuwa layuka ko ɗigo, kuma wannan fassara ita ce zuciyar sana'ar tun zamanin Dürer. Sai an san iyakar sirantar layin da katakon zai iya riƙewa. Sai an san zurfin da za a ba fili mai faɗi, don in ya yi kaɗan rola za ta lotsa ta shafa masa tawada, takarda ta fito da dabbare-dabbare. Sai an gwada ƙarfin wuta da saurin tafiya a kan guntaye, domin kowane katako da yadda yake ci. Babban allo na iya kwashe awoyi masu yawa a kan injin, kuma mu da muka san halin wutar lantarkinmu mun san abin da ɗaukewarta a tsakiyar aiki ke nufi. Ba a barin leza ita kaɗai, gobara take tayarwa. Allon garin katako da aka matse da gam hayaƙinsa na cutar da huhu, robar PVC kuwa in aka ƙona ta guba take fitarwa mai cin mutum da injin baki ɗaya. Bayan duk wannan ba a buga ko hoto ɗaya ba tukuna. Shafa tawada daidai a kan allo mai girman ƙyaure, da shimfiɗa takarda ba tare da ta yamutse ba, da murza ta da bayan cokalin katako taƙi bayan taƙi, duk hannu ne. A wasu biranen Amurka har motar daɓen titi ake hayowa ta bi ta kan allon, jama'a na kallo.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa wuƙa tana tunani. Mai sassaƙa da hannu yana yanke shawara a kowane sara, katako na yi masa gardama, jijiyar itace na karkatar da shi, daga wannan kokawa wani abu ke fitowa wanda ba ya cikin zanen farko. Gaskiya ne. Duk wanda ya kalli hotuna bakwai da Käthe Kollwitz ta sassaƙa a kan yaƙi a farkon shekarun 1920, bayan ta rasa ɗanta a yaƙin duniya na farko, zai ga baƙin cikin a cikin saran kansa. Inji ba zai ba ka wannan ba. Amma abin da hujjar ta tabbatar shi ne aikin wuƙa na da muryarsa; ba ta tabbatar da cewa sauran kayan aiki bebaye ne ba. Leza na cin sashen itace mai laushi fiye da mai tauri, sai jijiyoyin katakon su taso su shiga cikin hoton ta hanyar da wuƙa ba ta iyawa. Haƙorin si-en-si na barin sawu mai tsari kamar kunyoyin gona. Ba'amurke Terry Winters ya fitar da jerin hotuna tara a 1998 daga allunan da leza ta fafe, layukansu a cukurkuɗe yadda aka tsara su tun farko don wannan inji. Wani ɗan ƙasarsu, Mike Lyon, ya shekara da shekaru yana sassaƙa alluna da injin kwamfuta yana buga su da launin ruwa irin na Japan. Kuma babu dokar da ta hana a gama biyun: inji ya kwashe filaye, wuƙa ta bi fuska da yatsu.

Mu ma a gidan rediyo mun ga irin wannan. Manyanmu a aiki suna ba da labarin lokacin da ake gyara hira da reza: a saurari zaren kaset, a yi alama, a yanke, a liƙa da salatif. Yau da kwamfuta muke yi, abin da ke cin yini ya koma na minti talatin. Kunnen da ke gane inda ya kamata a yanke, da inda shirun mai magana ya fi maganarsa ma'ana, shi ne sana'ar, kuma kwamfuta ba ta raba wa kowa shi ba. Shirin banza da reza aka gyara shi ko da kwamfuta, na banza ne. A fagen zane ma ba sai mun je nesa ba. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Zariya kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta can a 1958, ya yi suna ne da gwaje-gwajen da malaman gargajiyar ɗab'i ba su san da su ba. A 1967 ruwan asid ya ɓata masa farantin bugu, ya cike ramukan da gam ɗin Araldite, daga nan ya samo wata sabuwar dabara da ta zama tambarinsa. Da ya saurari masu cewa ba haka aka gada ba, da Afirka ta yi asarar ɗaya daga cikin manyan masu ɗab'inta.

Saura hujja ta huɗu, ta abinci. Injin zai kashe wa masassaƙa kasuwa. Wannan tsoro yana da tushe, ya taɓa faruwa. Jaridar Illustrated London News da aka kafa a 1842, da ire-irenta, sun ciyar da ɗimbin masassaƙa. Har raba allo ɗaya ake yi gunduwa-gunduwa, kowa ya fafe tasa cikin dare, a ɗaure su da ƙusoshi a buga da safe. Da dabarar buga hoton kyamara kai tsaye ta kankama wajen shekarun 1890, sana'ar ta rushe cikin ɗan lokaci. A nan gida masu hatimin reza sun ragu tun da injin yin hatimi ya zo. A Ntonso ta ƙasar Gana, inda ake sassaƙa hatiman adinkra daga ƙwarya ana buga su a tufafi, bugun zamani na shafa fenti ta cikin raga ya ci kaso mai yawa na aikin. Duk wannan gaskiya ne. Tambayata ga masu kukan ita ce: yaushe rabonku da cin tuwo a akushi? Wa ya sayi ludayin duma a cikinku bana? Roba da silba da injin niƙa suka kassara masassaƙinmu tun kafin a ji sunan leza, mu ne kuma muka saye su da kuɗinmu, muna taya turmi kamar muna taya kayan sata. Wanda bai taɓa biyan masassaƙi haƙƙin guminsa ba, bai da bakin yi masa makoki don wani yaro ya kunna inji.

In da gaske tausayinsa ake ji, ga hanya. Mutumin da ya san ƙirya ce ta dace da turmi, aduwa ta dace da allo, ya san itacen da zai kantare in ya sha iskar hunturu da wanda zai tsage in an bi shi ta gefen da ba daidai ba, yana riƙe da ilimin da yaron kwamfuta ba shi da shi. Allunan da yawa da ke lalacewa a kan inji rashin wannan sani ke lalata su. A zaunar da su biyun a shago ɗaya, a biya dattijon kuɗin saninsa, a koya wa ɗansa sarrafa injin. Sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Sana'ar da ta tsallake zuwan injin ɗab'i da kyamara ba hasken leza ne zai binne ta ba, sai dai in masu ita sun ƙi motsawa.

Inda nake tare da masu suka ɗari bisa ɗari shi ne wajen gaskiya a ciniki. Akwai masu sa kwamfuta ta kwaikwayi sawun wuƙa, har da ƴan kurakuran ƙarya, su buga, su sayar a matsayin aikin hannu na wata uku. Wannan angulu da kan zabo ne, kuma laifin mai sayarwa ne, injin bai yi wa kowa rantsuwa ba. Maganinsa a rubuta a gefen takarda ko a takardar shaida: wane ya zana, an fafe allon da leza ko da si-en-si a shagon wane, wane ya buga, kwafi kaza aka yi. Ba baƙon abu ba ne. Hotunan Gustave Doré na Faransa da yawa na ɗauke da sunansa a kusurwa ɗaya, sunan masassaƙin a ɗaya kusurwar. Mai saye ya san abin da ya saya, in ya fi son na wuƙa ya biya kuɗin wuƙa. Haka nan injin ya sauƙaƙa sata. Mutum na iya ɗaukar hoton zanen da wata baiwar Allah ta yi shekaru tana ƙonawa a bayan ƙwarya, ko adon da magini ya yi a fuskar soro a Damagaram ko Zariya, ya zuba a kwamfuta, ya fafe, ya sa sunansa. Wannan ma sai an tsaya a kansa, a nemi izini, a ambaci mai shi, a ba shi rabonsa. Yaƙin da ya cancanci ƙarfinmu ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke amfani da injinan da muke da su. Sun fa iso. Tun 2004 aka buɗe ɗakin ƙere-ƙere mai irin waɗannan injina a makarantar koyon sana'a ta Takoradi a Gana, Lome ma ta samu nata ɗakin ƙirƙira a 2012, kuma a manyan garuruwanmu shagunan kafintoci da masu allunan talla sun fara sayen nasu. Me muke fafewa da su? Kan gado mai furanni, allon lambar yabo, maƙalin makulli na rabon biki mai sunan ango da amarya. Ba laifi ba ne, abinci ne. Amma inji ɗaya da ke yin waɗannan zai iya fafe allon taswirar tsohuwar ganuwar gari da ƙofofinta, mai girman bango, a buga kwafi hamsin a raba wa makarantu. Zai iya fafe haruffan ajami masu girman mutum, ko hotunan tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi don ɗakin karatun yara, ko bangon littafi da ba a kwaso shi daga fim ɗin Indiya ba. Mu marubuta da kullum muke kukan rashin masu yi mana zane, mu ya kamata mu fara ƙwanƙwasa ƙofar waɗannan shaguna. Allo ɗaya in an fafe shi ba ya sake neman lantarki. Tawada da takarda da cokali sun isa a ci gaba da bugawa a ƙauyen da ba a taɓa kafa turken wuta ba.

Saboda haka ina kira ga matashin da ke da zane a hannu da inji a unguwa, kada ya bari a kunyata shi da aƙidar da aka aro daga Dresden. Ya koyi wuƙa, domin ita za ta sanar da shi halin katako, kuma akwai hotunan da ita kaɗai ke iya fitarwa. Ya koyi injin, domin akwai girman da ƙarfin mutum ɗaya ba zai kai ba. Ya faɗi gaskiyar yadda ya yi aikinsa, ya rubuta sunan duk wanda ya sa hannu. Masu suka kuma ina roƙonsu abu ɗaya: su bari a ɗaga takardar daga kan allo tukuna. In hoton ya fito ba shi da kai ba shi da gindi, mu taru mu faɗa wa mai shi, ko da wata shida ya yi yana sara. In kuwa ya tsayar da mai wucewa, ya sa shi ya dawo ya sake kallo, to a yaba wa wanda ya zana, a biya wanda ya fafe, a tambaye su yaushe za su kawo na gaba.